Awarar da Ta Yi Baƙi

Lahadi, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Tawadar zaɓe tana nan a farcena. Karo na huɗu ke nan da na dangwala tun da sojoji suka koma bariki, kuma kowane karo sai Inna ta tambaye ni wa na zaɓa, ko za ta dace in faɗa mata.

Sadiya ta sake tashi da ciwon ciki. Wata biyu ke nan. Yarinya 'yar shekara huɗu da ke hana gidan nan sakat da surutu, yanzu ta daina ci, ta daina waƙoƙin makaranta, abu kaɗan sai kuka. Sau uku ina kai ta asibitin unguwa, sau uku ana ce min taifot da maleriya. Jiya na ce ta miƙo min takalmina, sai ta tsaya tana kallona, ta rasa abin da kalmar take nufi. Wannan ya fi ciwon cikin tayar min da hankali. 'Yata tana sulalewa daga hannuna, kuma ban san ta ina ba.

Bari in rubuta abin da ke tafiya daidai, ko na samu sauƙi.

Awarata tana nan lafiya. Kwalba shida a jere kan kantar Inna, tunda an rufe makaranta saboda zaɓe kuma ba mai kula min da su a lab. Madam Edith, shugabar ma'aikatan lab ɗinmu, ita ta raɗa mata wannan suna, don fara ce tas, mai laushi, in an taɓa kwalbar sai ta yi rawa. Wata bakwai na yi ina fama kafin ta yarda ta daskare. Ƙwayoyi ne na zinki da farar wuta, sai an jera dubu goma kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Sun manne da juna sun bar ramuka a tsakaninsu kamar soson wanka, ruwa yana ratsa ko'ina. Dangin sinadaran da ake yin idon sola da su ne, wutar lantarki tana bi ta cikinsu amma ba da sakin jiki ba. Abin da nake so in nuna a digirina na biyu shi ne, in aka zuba mata ruwan da ke ɗauke da wani ƙarfe, zinkin zai fita, baƙon ya zauna a gurbinsa, ginin kuwa ba zai rushe ba. Musaya muke ce masa.

Kafin ranar gwajin, dokarta biyu ce. Kada ta bushe, kuma kullum a tsiyaye ruwanta a zuba sabo, tatacce, wanda ba komai a cikinsa. Galan guda na ɗauko daga lab. Ina nuna wa Inna yadda ake yi sai ta taɓe baki.

"Wannan ai gasara ce," in ji ta. "Shekara arba'in ina canja wa gasara ruwa, yau ne za a koya min?"

Gobe da sassafe zan je Sabon Tasha wurin Madam. Ta ce ta san wata likitar yara.

Litinin, 18 ga Afrilu, da hantsi

Ina gidan Madam. Ba zan koma gida Makera yau ba, rikicin zaɓe ya ɓarke a gari.

Litinin, bayan azahar

Direban bas ya sauke mu tun ba mu iso ba, sauran tafiyar da ƙafa na yi ta. Abin da na gani ta taga ba zai shiga littafin nan ba. Wata rana Sadiya za ta iya karatu.

An sa dokar hana fita. Na samu Inna a waya da ƙyar. Ta ce suna lafiya, Yaya Zakari ya tokare ƙofar gida da tsofaffin batiran motar da yake gyarawa. Na yi dariya ban shirya ba. Tun rasuwar baban Sadiya shi ya ɗauke mu ya dawo da mu gida, bai taɓa nuna ya gaji ba, kuma na san muddin yana numfashi ba abin da zai shiga gidan nan.

Na ce wa Inna kada ta manta da kwalaben. Ta ce gari yana wannan hali ni ta awara nake yi.

Talata, 19 ga Afrilu, da safe

Madam ta shigo da ɗankwalinta na zuwa coci da wata riga mai hannu uku-kwata. Ta ninke hijabina ta sa a ƙasan akwatinta.

"Daga yau sunanki Martha," ta ce. "'Yar ƙanwata ce ke, daga Kafanchan kika zo. In wani ya gaishe ki, ki amsa a taƙaice. Hausarki ta cika kyau, ita za ta tona mu."

Mijinta, Baba Shekari, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da aka rufe ta yake zaune. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Martha mai salla biyar, sannu da zuwa." In lokacin salla ya yi, shi yake ce min, "Martha, je ki gyara ɗakin ciki," sai ya ja kujerarsa bakin ƙofa ya ƙure rediyo. Ban san a ina ya koyi lokutan ba. Ya fi ni kiyaye su.

Laraba, 20 ga Afrilu, da azahar

Sadiya ta ci cokali uku, in ji Inna.

Alhamis, 21 ga Afrilu, da yamma

Maƙwabciyar Madam ta leƙo aron gishiri, ta daɗe tana kallona. Na wanke kwano ɗaya sau huɗu har ta tafi.

Sadiya ta ci kaɗan. Ta yi amai. Ta tambayi ina nake.

Juma'a, 22 ga Afrilu, da hantsi

Na yi wa Inna tsawa. Ban taɓa yi ba tunda nake.

Ita ta kira, tana ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Hajara, awarar nan taki ta canja kala." Ashe tun ranar Talata ba galan ɗina. Ba wuta a unguwa, kowa yana kawo batir wurin Yaya don a samu na cajin waya, ruwan da yake ƙara musu ya ƙare. Ya ga galan ɗin ya ce ai ruwan batir ne, ya ɗauka. Gaskiyarsa, irinsa ne. Inna kuwa ba ta so ta ƙara min damuwa, sai ta ci gaba da ruwan rijiyarmu. Kuma ba sau ɗaya a rana ba, sau uku, wai zafi ya yi yawa, in aka bar gasara da tsohon ruwa tsami take yi.

"Ruwa ai ruwa ne," ta ce. "Na rijiyar ma ya fi naki haske."

Jiya awarar ta yi ruwan toka. Yau ta yi baƙi. Wata bakwai. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita a nan ba, na kashe wayar.

Juma'a, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan yadda ya faru.

Madam ta dawo daga cocin layinsu ta same ni a kicin idanu sun kumbura. Na ba ta labari, ina jiran ta taya ni baƙin ciki. Sai ta ajiye jakarta ta tsaya min irin tsayuwar da take yi wa ɗalibai ranar jarrabawa.

"Abeg, share hancinki. Wace kala kika ce?"

"Baƙa."

"Ta narke, ko tana nan a daskare?"

"Inna ta ce tana nan yadda take."

"To ba lalacewa ta yi ba, aikinta ta yi. Oya, faɗa min. Me ke shiga gurbin zinki ya mai da ita baƙa?"

Na ce azurfa, ko jan ƙarfe, ko dalma.

"Akwai azurfa a rijiyar Inna?"

Na fara dariya, sai dariyar ta maƙale. Daga rijiyarmu zuwa rumfar Yaya taku goma ne. A nan yake fasa tsofaffin batira, ya zubar da ruwansu a ƙasa, ya narka dalmar a tsohuwar tukunya ya sayar. Shekara goma sha biyu. Bara duk mun ji a rediyo yadda gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara, ciwon ciki, ƙin abinci, yaro ya manta abin da ya sani. Na ji, na ce Allah sarki, na ci gaba da shara. Ni da nake karatun sinadarai. Ni da nake ɗebo ruwan nan da hannuna in ba ta.

Na kira Inna. Na fara ba ta haƙuri, ta ce ba ta ji komai ba, layin ne ba kyau. Na ce kada Sadiya ta ƙara shan ruwan rijiya, kada a dafa mata abinci da shi. Ta ce za ta tafasa. Na ce tafasa ba ta korar wannan. Ta ce rijiyar da babanmu ya haƙa da hannunsa ce, mu duka da ita muka girma. Na ce a lokacin ba a zuba mata komai a gefe. Can ta ce akwai sauran ledojin fiya wata a shagon maƙwabcinmu, za ta aika ta katanga.

Ban ambaci rumfar Yaya da suna ba. Ita ma ba ta ambata ba.

Tsoro nake ji ƙwarai. Amma yau ne karo na farko cikin wata biyu da abin da ke cin 'yata ya samu suna, kuma abu mai suna ana iya nemo masa magani.

Lahadi, 24 ga Afrilu, da azahar

Ista. Madam ta yi shinkafa da wake, ba nama, tana ta ba ni haƙuri kamar ni ce mai bikin. Baba Shekari ya ce bana ragon ya gudu, shi ma yana bin dokar hana fita.

An yi ruwan sama a Makera. Na ce wa Inna ta bar na farko ya wanke kwanon rufi tukuna. Ta tari baho uku da randa.

Litinin, 25 ga Afrilu, da safe

Ta sha koko rabin kofi. Ba amai.

Talata, 26 ga Afrilu, da yamma

Ina gida.

An sassauta dokar zuwa la'asar. Baba Shekari ya sa hularsa ya ce shi zai raka ni. Mun yi tafiya mai nisa. Wasu wuraren na sunkuyar da kai har muka wuce. A shingen sojoji na hango Yaya Zakari a ɗaya ɓangaren, ya rame. Baba ya miƙa masa hannu ya ce, "Malam, ga Martha, na dawo muku da ita lafiya." Yaya ya kalle ni, ya kalli ɗankwalin, ya gane. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Sadiya ta ƙanƙame ni ta ƙi sauka. Ba nauyi ko kaɗan.

Sai da ta yi barcin rana na duba kanta. Kwalba biyar baƙi wuluk, kamar gindin tukunya, amma kowace tana tsaye da siffarta, ba wadda ta rushe. Ta shida ta ɓuya a bayan filas ɗin shayi, Inna ba ta gan ta ba tun ranar Litinin ɗin da na tafi. Tana cikin tataccen ruwanta, fara tas. Inna ta fara ba ni haƙurin mantuwa, na ce wannan mantuwar ta fi duk aikin da na yi a wata bakwai, don yanzu ba mai cewa zafi ne ko daɗewa ta sa sauran suka yi baƙi. Ta ce ni dai ba a gane min, jiya tsawa yau yabo.

Da Yaya ya tashi daga aiki na zauna ina kallo, abin da na gani sau dubu ban gani ba. Ya shigo da kayan aikinsa, fari-fari da ƙura, ya sunkuci Sadiya ya ɗora a kafaɗa. Ta cusa yatsu a gashinsa, ta mai da su baki. Ya ja kwanon tuwonsa ya gutsura ya ba ta da hannunsa. A hannunsa kaɗai take yarda ta ci da ɗan dama.

Laraba, 27 ga Afrilu, da azahar

Na hana Sadiya wasa a wajen rumfar batira. Na ce akwai kunama.

Ban faɗa wa Yaya ba.

Asabar, 30 ga Afrilu, da yamma

Ya tambayi Inna me ya sa ake shan ruwan sama ga rijiya cike. Ta ce ni na ce. Ya ce, "To, 'yan boko," ya yi dariya, ya fita.

Yau ma ban faɗa masa ba. Bakina ya yi nauyi. Mutumin da bai yi aure ba har yanzu don mu, in je in ce masa me?

Talata, 3 ga Mayu, bayan azahar

An buɗe makaranta. Kujeru biyu a lab ba kowa a kansu, ba wanda ya yi tambaya.

Na yanki ɗan guntun baƙar awarar na narka a asid, na tsarma shi da tataccen ruwa, na ɗiga ruwan ayodin ɗin da muke gane dalma da shi. In akwai ta, rawaya yake fitowa. Tun ɗigo na biyu ya fito, rawaya sosai kamar ƙwanduwar ƙwai. Na yi da farar kwalbar, ba komai. Madam ta sa na maimaita sau uku, don ita ko da wuta ta kama lab sai an maimaita sau uku.

Ta ce da a ce ruwan rijiyar muka ɗiga wa kai tsaye, da wuya mu ga komai, dalmar ta yi kaɗan a cikin kofi ɗaya. Awarar ce ta yi ta kamawa tana ajiyewa, kofi bayan kofi, sau uku a rana. "Ki gaya wa Inna ita ce ta yi gwajin," in ji ta. "Ke rubutu kawai za ki yi."

Alhamis, 5 ga Mayu, da hantsi

Mun ga likitar, Dokta Christy. Bara ta yi wata shida tana aiki a ƙauyukan da abin ya faru. Ba ta katse ni ba har na gama. Ta buɗe bakin Sadiya ta duba dasashinta, ta ɗebi jini. Ta ce ranar Asabar.

Asabar, 7 ga Mayu, da azahar

Sittin da ɗaya. Dokta ta ce ko goma ma ba a so a gani a jinin yaro.

Akwai magani, ƙwayoyi ne, kwana goma sha tara a asibiti. Amma ta ce min ƙiri-ƙiri, in an sallame ta ta koma ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya, aikin banza muka yi, wataƙila ma ya fi na da muni. Ta ce ba za ta sallame ta zuwa gidan da ake narka dalma ba.

Ba sauran wurin ɓuya.

Lahadi, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Na same shi a rumfa bayan azahar. Na ajiye kwalba biyu a kan bencinsa, fara da baƙa. Na yi masa bayani yadda zan iya. Ya saurara yana goge sifana ɗaya, bai ɗago ba.

"Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a," ya ce. "Ga ni nan garau."

Na ce jikin babba daban, na yaro daban. Kuma garau ɗin ma, ciwon kan da yake fama da shi fa?

"Yanzu so kike ki ce ni na sa wa Sadiya ciwo."

"Ban ce ka sani ba, Yaya. Ni ya kamata in sani."

"Amma ni ne."

Na so in ce a'a. Na ce ba rijiyar kaɗai ba ce. Ƙasar wurin nan, da ƙurar rigarsa, da hannunsa in ya ɗauke ta, in ya ba ta abinci.

Sai ya ajiye sifanar ya buɗe tafukansa yana kallo. Ya juya su. Ƙarƙashin farcensa baƙi, layukan tafin duk sun rine. Ya daɗe a haka. Ya miƙe ya fita ta ƙofar baya, ko takalmi bai canja ba.

Inna tana bakin murhu, ta ji komai. Na ɗauka za ta yi min tatas. Ta ce, "Ni na zuba ruwan, ni na ga ta yi baƙi da idona. Ki ƙyale shi, zai dawo."

Sadiya ta yi ta nemansa da yamma. Ta ƙi cin tuwo a hannuna.

Litinin, 9 ga Mayu, da safe

An kwantar da mu. Gado na huɗu, kusa da taga.

Laraba, 11 ga Mayu, da azahar

Maganin wari yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sai an fasa ƙwayar a zuba a cikin ayaba, sannan a yi kokawa. Da na shinshina na gane warin, na tambayi Dokta. Ta ce eh, akwai farar wuta a cikinsa, ita ke kama dalmar a jini ta fita da ita ta fitsari. Dabarar awarata ce dai, a cikin jikin 'yata. Wannan ya kwantar min da hankali fiye da duk wani lallashi, don na ga abin yana aiki a kwalba da idona.

Bai zo ba.

Juma'a, 13 ga Mayu, da yamma

Bai zo ba. Inna ta ce a masallaci yake wuni, ba ya cin abincin gida.

Litinin, 16 ga Mayu, da hantsi

Inna ta kawo labari da kwanon dambu. Ranar Asabar wata a-kori-kura ta zo ta kwashe batiran kaf. Jiya Yaya shi kaɗai ya kama shebur ya ƙwaƙule ƙasar wajen rumfar har kusan gwiwa, ya ɗure a buhuna. Ya ɗaure hanci da baki da tsumma. Ba wanda ya gaya masa, sai daga baya Inna ta gane takardar da Dokta ta ba ni ta ɓace daga kan kanta. Ya kai wa wani malamin makaranta ya karanta masa.

Na tambaya ko ya tambayi Sadiya. Ta ce kullum, amma ba ya kiran sunanta. "Yaya masu asibiti?" kawai yake cewa.

Laraba, 18 ga Mayu, bayan azahar

Sadiya ta ce wa nas hancinta ya yi kama da na Inna. Nas ɗin ba ta ji daɗi ba. Ni kuwa na shiga banɗaki na yi kuka, don wannan rashin kunyar tata ce ta asali.

Asabar, 21 ga Mayu, da la'asar

Madam da Baba Shekari sun zo da lemo. Baba ya ce wa Sadiya shi ne kakan Martha, ta ce ba ta san wata Martha ba. Ya ce gara haka.

A bakin ƙofa ya ja ni gefe. Ashe Yaya ya neme shi a waya. Baba ya haɗa shi da wani tsohon abokin aikinsa da ke sayen batira a rufe, ba a fasa ba, yana lodawa zuwa kamfanin da ke da injin sarrafa su. Caji da sayarwa kawai zai riƙa yi, a wani shago a Kakuri, nesa da gidaje. Abin samu zai ragu. "Na ce masa ya zo ya ga yarinyar," in ji Baba. "Ya ce min da wane hannu."

Talata, 24 ga Mayu, da safe

An zuba jar ƙasa a inda Yaya ya haƙe, an yi wa rijiya murfin siminti. Inna ta ce ta zauna a kansa ta yi wa babanmu addu'a, sannan ta shanya kuɓewa.

Dokta ta gargaɗe ni kada in yi saurin murna. Ta ce dalma tana ɓuya a ƙashi, za mu riƙa dawowa gwaji wata da watanni, kuma wani abin da ya tafi sai a hankali, wani ma ba lallai ya dawo duka ba. Na ji. Amma yau da safe Sadiya ta ƙirga yatsuna har goma, ta tsallake bakwai, kuma da ma can tana tsallake bakwai.

Kullum sai ta kalli ƙofa in ta ji takun namiji.

Asabar, 28 ga Mayu, da hantsi

Ashirin da shida. Dokta ta ce da sauran tafiya, amma za mu iya komawa gida.

Ina ninke zanen gado ita kuma tana rubuta takardar sallama, sai na ji an yi sallama ƙasa-ƙasa. Yaya ne a bakin ƙofar ɗakin. Sabuwar shadda ruwan ƙasa, layin ninkin tela bai ma baje ba. Ya aske kansa ƙwal. Ya tsaya daidai kan dokin ƙofa, ƙafarsa ba ta shigo ba, hannayensa duka a baya.

Na ce, "Yaya, shigo mana."

Bai kalle ni ba. Dokta ya kalla.

"Likita, na yi wanka sau biyu, a gidan abokina, ba a shago ba. Kayan nan yau na karɓo su, ba su taɓa zuwa kusa da batir ba. Kwana goma sha uku ban taɓa dalma ba."

Sannan ya fito da hannayen ya miƙa mata. Ya yanke farcen har sun yi jini a gefe, fatar tafin ta saluɓe don dirza.

"Ki duba," ya ce. "In da saura, sai in koma."

Dokta ta ajiye biro ta kama hannayen ta juya su. Ba ta kai ga magana ba, Sadiya ta riga ta zame daga kan gado, ba takalmi, ta ratsa ta ƙarƙashin hannun Dokta ta rungume ƙafafunsa.

"Kawu, ina ka je?"

Ya ɗaga hannayensa sama, nesa da kanta, yana kallon Dokta.

"Ɗauke ta, Malam," in ji Dokta. "Tun yaushe take jiranka."